Yarima, Sarki ko Sarkin Sarakuna: wane littafi za ka ba wanda za a naɗa?

Saura sati uku a naɗa ɗan yayata dagacin garinsu ya kira ni bayan sallar isha'i. Mahaifinsa ya rasu da damina, masu zaɓe kuma sun tsaya a kansa. Yaro ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, malamin lissafi a sakandare, bai taɓa raba rigimar ko iyakar gonar gyaɗa ba. Ya ce, "Kawu, abokaina sun ce in nemi wani littafi wai shi The Prince, wai duk wanda zai riƙe jama'a sai ya karanta shi. Kana da shi?" Na ce ina da shi a da, wani ya ara, kuma ka san aron littafi a wurinmu kyauta ce da ba a faɗi sunanta ba. Na ce ya bari zan sayo masa.

Kashegari na rubuta sunan a 'yar takarda na aiki yaron maƙwabcina shagon littattafai. Ya dawo da wani siririn littafi, a bangonsa an zana wani yaro mai gashi ruwan ɗorawa yana tsaye a kan wata 'yar duniya da ba ta fi ɗaki girma ba. The Little Prince. Wai mai shagon ya ce ai duk yarima yarima ne, wannan ma ya fi sauƙin kuɗi.

Ban ga laifin mai shagon sosai ba. Sarautar da ke bangon littafi ba kasafai take gaya maka abin da ke ciki ba. King Leopold's Ghost ba labarin fatalwa ba ne, tarihin ta'asar da aka yi a Kwango ne a zamanin sarkin Beljiyam. The Last King of Scotland a kan Idi Amin na Yuganda aka gina shi. Mai sarautar da ke cikin The Count of Monte Cristo matuƙin jirgin ruwa ne da aka ɗaure bisa ƙage, ya fito ya yi arziki ya yafa wa kansa sarauta don ya rama. Mu da muke da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Tasha bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mun san ba kowane sarki ake busa wa kakaki ba. Ita kanta kalmar da ke kan littafin da yaron nan yake nema, idan ka fassara ta da yarima ka yi kuskure. Marubucin ba ɗan sarki mai jiran gado yake nufi ba, yana nufin duk wanda mulki ke hannunsa, ko gado ya yi ko ƙwace ya yi.

Wannan kuskuren aike shi ya sa na zauna na yi tunanin abin da ya kamata in ba shi. Littattafai uku suka tsaya mini, dukansu da sarauta a sunansu, dukansu gajeru, kuma kowanne da kujerar da yake wa magana a cikin fada.

Na farkon shi ne wanda ya tambaya. A bango za ka ga an rubuta Niccolò Machiavelli, mu dai mu ce Makiyabeli. Bai taɓa mulkin ko unguwa ba. Ma'aikacin gwamnati ne a birnin Fulorans na Italiya, sakatare kuma jakadan da ake aikawa fadojin ƙasashen waje, daga 1498 zuwa 1512. A shekarar 1512 gidan Medici suka dawo suka karɓe birnin, aka sallame shi. Farkon 1513 aka zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiya, aka kama shi, aka ɗaure hannayensa ta baya aka rataye shi da igiya don ya amsa laifi. Bai amsa ba, daga baya afuwa ta biyo ta kansa. Ya koma 'yar gonarsa a bayan gari. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa a watan Disamba na shekarar ya faɗi yadda yake wuni: da safe yana wurin masu sarar masa itace, da rana yana masauƙin ƙauye yana caca da mahauci da mai niƙa ana ta cacar baki a kan 'yan kwabbai, da yamma kuwa sai ya tuɓe tufafin da suka yi taɓo, ya sa kayan fada, ya shiga ɗakin karatu ya yi hira da mutanen da. A wannan hali ya rubuta littafin, ya sadaukar da shi ga Lorenzo na gidan Medici, wato gidan da ya kore shi. A taƙaice takardar neman aiki ce. Ba ta samo masa aikin da yake so ba, kuma ba a buga littafin ba sai 1532, shekara biyar bayan mutuwarsa. A 1559 cocin Katolika ya sa shi cikin littattafan da aka haramta karantawa.

Idan kana son ɗanɗanon abin da ke ciki, labari ɗaya ya isa. Cezare Borjiya, ɗan Fafaroma Alezanda na Shida, ya ci wani yanki da ake kira Romanya, ya tarar da shi cike da 'yan fashi da rigingimu. Sai ya naɗa wani mutum marar imani mai suna Remiro ya ba shi wuƙa da nama. Remiro ya gyara ƙasar da duka da kisa, mutane suka natsu, amma suka tsane shi. Da Borjiya ya ga aikin ya kammala, kuma ƙiyayyar tana neman ta shafe shi, sai wata safiya a watan Disamba na 1502 mutanen garin Cezena suka tashi suka tarar da gawar Remiro a dandali an raba ta biyu, ga gungumen itace ga wuƙa mai jini a gefe. Makiyabeli ya ce jama'a suka gamsu, suka kuma kaɗu. Bai kawo labarin don ya yi tir ba. Ya kawo shi ne a matsayin aikin gwani.

Na biyun namu ne, ko da yake ba da Hausa aka rubuta shi ba. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Maghili mutumin Tilimsan ne a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna a Tuwat cikin hamada, sannan ya gangaro ta Agadas zuwa Katsina da Kano wajen 1492, kafin ya wuce Gawo inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, sarkin daular Songai. A Kano ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, mai Gidan Rumfa, mai Kasuwar Kurmi, mai majalisar nan ta manyan fada da ake kira Tara ta Kano. An fi tafiya a kan cewa shi ya rubuta wa Tajud Dini fi ma yajibu alal Muluki, wato kambun addini game da abin da ya wajaba a kan sarakuna. Sharifan Kano har yau suna danganta kansu da zuriyarsa. Wani Bature mai suna Baldwin ya fassara littafin zuwa Ingilishi aka buga a Bairut a 1932, ya sa masa suna The Obligations of Princes. Ka ga nan ma sarakuna sun koma yarimomi a bakin Bature.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tazarar da ke tsakanin littattafan biyu ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ɗaya a Kano, ɗaya a Italiya, babu wanda ya san da ɗan'uwansa, kowanne yana gaya wa mai mulki yadda zai riƙe ƙasa.

Na Maghili babi takwas ne: kyautata niyya, kyautata kamala, tsara mulki, taka tsantsan a gida da tafiya, binciken al'amura, adalci a shari'a, tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace. Larabcinsa mai ƙafiya ne, irin wanda ake iya haddacewa, kuma yana rufe babi da jimla guda da yake ta maimaitawa kamar amshin waƙa: tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ba amawalin da sarki ke rufe baki da shi yake nufi ba, ƙofa yake nufi. Ya ce dole sarki ya zauna kullum a inda mata da yara za su iya isa gare shi, kuma naɗa alƙalai da hakimai bai ɗauke masa wannan ba, domin sau da yawa ƙarar da talaka ya zo da ita a kansu take. Ka tuna wanda ake gaya wa wannan magana shi ne sarkin da tarihin Kano ya ce shi ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina, shi ya fara kulle. Malamin ya ga ana gina fada mai zaure bayan zaure, ya san inda abin zai kai.

Wanda ya ɗauka littafin Maghili wa'azi ne mai sanyi bai karanta babi na huɗu ba. A nan yake cewa kada sarki ya bar kowa ya kusanci abincinsa da abin shansa da shimfiɗarsa sai amintattunsa na kusa, kada ya rabu da sulke da makami, kada ya kwana a wurin haɗari, ya kuma sani da takobi ake riƙe mulki, ba da jinkiri ba. Ya ce a aje 'yan leƙen asiri. Da za ka cire sunan marubuci ka ba ɗalibi wannan babin, zai iya rantsewa na Italiya ne.

Akwai kuma inda suka haɗu har abin ya ba ni dariya. Makiyabeli, a babin nan da ya yi suna inda ya ce idan ba za a iya haɗa biyun ba gara a ji tsoron mai mulki da a so shi, ya biyo da sharaɗi nan take: kada ya bari a tsane shi, hanyar kauce wa haka kuwa ita ce ya ɗauke hannunsa daga dukiyar mutane da matansu, domin mutum ya fi saurin manta mutuwar ubansa a kan asarar gadonsa. Maghili kuma ya ce kame hannu daga dukiyar mutane shi ne ɗorewar mulki da adonsa, kwaɗayinta kuwa shi ne rushewarsa. Nasiha ɗaya, dalili biyu. Wancan yana cewa kada ka taɓa domin za su tashi su kayar da kai, wannan yana cewa kada ka taɓa domin ba taka ba ce, kuma akwai ranar da za a tambaye ka. Ga dagacin da rabin ƙararrakinsa na gona ne da gado da fili, wannan layi ɗaya ya biya kuɗin kowanne daga cikin littattafan.

Inda suka rabu kuwa sun rabu sosai. Makiyabeli ya ce mai mulki ya zama zaki ya kuma zama dila, ya cika alkawari idan cikawar za ta amfane shi, ya karya idan dalilin da ya sa ya ɗauka ya gushe. Ya ce ba dole ne ya kasance mai tausayi da gaskiya da addini ba, amma dole ne a gan shi kamar haka, domin kowa na ganin abin da ka nuna, kaɗan ne ke taɓa abin da kake. Maghili kuwa da niyya ya buɗe littafinsa, wato da abin da babu mai gani sai Allah. Idon da ɗaya ke tsoro na jama'a ne, idon da ɗayan ke tsoro ba ya barci. Duk sauran bambancinsu daga nan ya tsiro. Maganar kyauta ma haka: Maghili ya ɗauki kyautar da ake kai wa mai mulki a matsayin ƙofar masifa, in ta shigo adalci ya fita, ya kuma ce a ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin a ba shi aiki don a san abin da ya ƙaru daga baya. Mu da muka mai da sunanta gaisuwa mun san abin da yake faɗa. Baki ya ci, ido ya ji kunya.

To wanne ya dace da ɗan yayata? Makiyabeli da kansa ya ba da rabin amsar. Littafinsa babi 26 ne, amma mai gadon sarauta a babi na biyu ya sallame shi cikin abin da bai cika shafi ba: kada ka sauya al'adun kakanninka, ka bi zamani a hankali, za ka zauna lafiya. Mafi yawan sauran littafin na sabon shiga ne, wanda ya hau kujerar da ba ta gidansu ba kuma yana tsoron a tunkuɗe shi. Shi ya sa ya fi dacewa da ɗan siyasar da ya ci zaɓe da ƙyar, ko wanda aka turo shugabancin ma'aikatar da kowa a cikinta yake ganin shi ya fi cancanta. Irin wannan mutum zai ga kansa a babi na shida, inda aka ce babu abu mai wuya kamar kawo sabon tsari, domin masu cin moriyar tsohon za su yaƙe ka da dukkan ƙarfinsu, waɗanda sabon zai amfana kuwa za su kare ka da sanyin jiki. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gyara yadda ake rabon taki a mazaɓa ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Babi na 23 kuma, a kan 'yan kanzagi, ya kamata kowane mai muƙami ya karanta: ka zaɓi 'yan mutane kaɗan masu hankali ka ba su izinin gaya maka gaskiya, ka yawaita tambaya, ka saurara da haƙuri, kuma ka nuna ɓacin rai idan ka gane an ɓoye maka gaskiya don jin nauyinka.

Tsoron da nake ji wa matashi da wannan littafi shi ne ya ɗauki rabin jimla ya bar rabi, kamar yadda ake yi da shi a Facebook. Tsoron da Makiyabeli ke magana a kai yana da runduna a bayansa. Dagacin yau ba shi da ɗan doka, ba shi da kotu, ba shi da baitulmali. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan sanda da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Abin da ya rage masa shi ne mutunci, a garin da wanda zai yanke wa hukunci da safe surukin ƙanwarsa ne, kuma da shi za su haɗa sahu da magariba. Tsoro na daji ne, kunya ta gida. Sannan shi Borjiyan da ake yabo, mahaifinsa na mutuwa a 1503 komai nasa ya watse, ya ƙare a wani ɗan artabu a ƙasar Sifen a 1507.

Na Maghili ma yana da nasa gibin, kada son namu ya rufe mana ido. Da sarki mai cikakken iko yake magana, mai waziri da alƙalai da dakaru da taska, saboda haka babi biyu na ƙarshe sai ka yi ƙiyasi kafin ka ga inda suka shafe ka. Yana gaya maka abin da ya wajaba, amma ba ya zama da kai a kan ranar da wajibai biyu suka ci karo, ko ranar da umurnin da ka san zalunci ne ya sauko daga sama. Babu labarai a ciki kamar na Remiro, umurni ne a jere. Shi kansa malamin kuma mutum ne mai tsanani: shi ya jagoranci tayar wa Yahudawan Tuwat, aka rushe wurin ibadarsu aka kashe da yawa, kuma tun a zamaninsa akwai malaman da suka saɓa masa a kan haka. Duk da wannan, littafin ya yi saiwa a ƙasar nan. Malaman jihadi sun ɗebo daga cikinsa, Abdullahin Gwandu ya jingina da shi a Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano wajen 1806. Idan dagaci ya kafa hujja da shi a gaban liman da dattawa, babu mai ce masa ya kawo baƙon abu.

Na ukun ne ban yi niyyar sa shi cikin lissafi ba, sai da na tuna cewa dagaci sarki ne a garinsu da safe, da hantsi kuwa bafade ne a ƙofar hakimi, hakimin ma haka yake a gaban sarki. Yawancinmu a kujerar fadawa muke, ko a ofis ko a jam'iyya ko a gidan wani attajiri. Littafin fadawa shi ne The Emperor, na wani ɗan jaridar ƙasar Foland, Ryszard Kapuściński, wanda ya fito da harshensu a 1978, da Ingilishi kuma a 1983. 'Yan'uwanmu na Nijar za su same shi da Faransanci da sunan Le Négus. Bayan sojoji sun tuɓe Haile Selassie na Habasha, mai laƙabin Sarkin Sarakuna, a ranar 12 ga Satumba 1974, marubucin ya ce ya bi barorin fada a maɓoyarsu a Adis Ababa da daddare yana jin ta bakinsu. Ba a ambaci sunayensu ba, harufa kawai aka sa.

Ga wanda ya ce shekara goma aikinsa shi ne bin wani ɗan karen sarki mai suna Lulu, idan ya yi fitsari a takalmin wani babba yana tsaye a gaban sarki ba shi da ikon motsi, sai ya zo ya goge da ƙyalle mai santsi. Ga mai matashi, wanda saboda sarkin gajere ne kuma karagun dogaye, aikinsa shi ne ya tura matashi ƙarƙashin ƙafafunsa daidai lokacin da ya zauna don kada a ga suna lilo. Yana da matasai 52 masu kauri daban-daban, yana kuma alfahari da cewa ya san tsayin kowace karaga. Ga sarkin da kansa da sassafe yana zagaya lambu yana ciyar da zakuna, manyan masu kai rahoto suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kai tsegumin ɗan'uwansa, shi kuwa ba ya cewa uffan. Za ka yi dariya, sannan dariyar ta tsaya maka a wuya, domin ka san mai matashin nan. Wataƙila kun yi aiki tare. Wataƙila kai ne.

Sai yunwa ta faɗa wa lardin Wollo a 1973, mutane suna mutuwa, manya suna ɓoyewa saboda mummunan labari ba ya shiga fada. Wani ɗan jaridar Ingila, Jonathan Dimbleby, ya ɗauko hotunan ya nuna wa duniya. Daren da za a tuɓe sarkin, sojoji suka sa aka nuna fim ɗin a talabijin an cakuɗa shi da hotunan liyafar fada. Kashegari aka fitar da shi a 'yar ƙaramar Volkswagen, irin mai kama da kunkuru. Farin shekarun nan bai tsaya a Habasha ba, a watan Afrilu na 1974 ɗin nan sojoji suka kifar da Diori Hamani a Yamai, maganar abincin agaji na cikin abin da suka kafa hujja da shi. Jimlar da Maghili ya yi ta maimaita wa Rumfa, wannan littafin sharhinta ne daga farko har ƙarshe, ko da yake marubucinsa ba da Kano yake ba. 'Yan ƙasarsa ma sun karanta shi a matsayin habaici ga gwamnatin kwaminisancin da ke mulkinsu.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauke shi littafin tarihi. Masana tarihin Habasha, ciki har da Harold Marcus wanda ya rubuta tarihin sarkin, sun ƙaryata abubuwa da dama a ciki, misali cewa wai sarkin ba ya karatu, alhali an san shi da karatu. Kirarin da aka sa a bakin fadawan ma an ce ba haka Habashawa ke yi ba. Ka karanta shi kamar yadda kake sauraron tsohon dogari yana ba da labari: ya ƙara gishiri, amma ya san fada.

Ta fuskar samu, na Makiyabeli ya fi kowanne sauƙi. Bai fi shafi ɗari da 'yan kai ba, yana nan kyauta a intanet, masu talla a kan titi ma suna yawo da shi. Amma fassarar da aka fi samu kyauta, ta Marriott ta 1908, Ingilishinta ya tsufa, jimlolinta suna da wuyar haɗiya. In da hali ka nemi ta George Bull ko ta Tim Parks. Da Larabci sunansa Al-Amir. Ka kuma shirya wa sunayen garuruwa da sarakunan Italiya da za su cika maka kai, ba laifi ba ne ka tsallake babukan sojan haya a karon farko. Na Maghili zama ɗaya ake karance shi, wahalarsa nema. Ka fara da masu sayar da littattafan Larabci da ɗakunan karatu na jami'o'i, kuma in Larabcinka bai nuna ba, ka kai wa malami ku bi shi layi layi kamar yadda ake karatun zaure, ya fi daɗi a haka. The Emperor bai kai shafi ɗari biyu ba, shi ne mafi daɗin karatu a cikinsu, amma sai ka sa kuɗi ka saya.

Da za a ce in zaɓa wa mutum ɗaya tak, zan tambaye shi abin da ya rasa. Mai tsoron Allah da bai san halin mutane ba, wanda ke ɗaukar kowace "ranka ya daɗe" da gaske, shi ya fi bukatar Makiyabeli, don ya gane abin da ake shirya masa ko da shi ba zai yi wa kowa ba. Wanda ya riga ya goge da dabara tun yana ɗan kwamitin unguwa ba ya bukatar ƙari, a ba shi Maghili. Wanda kuma aka ba muƙamin mai ba da shawara, ko yake riƙe wa wani babba jaka, ya bar biyun nan tukuna ya fara da na Habasha.

Ɗan yayata na cikin rukunin farko, amma ban fara masa da abin da ya tambaya ba. Na kai masa na Maghili, na haɗa shi da limamin garinsu su karanta tare kafin naɗi, don ina so ya san abin da ke kansa kafin ya san abin da ke cikin mutane. Na Makiyabeli na sa masa alama a babi na 2 da na 6 da na 17 da na 23, na ce sauran sai ya shekara a kan buzu. Shi kuwa siririn littafin da aka kawo bisa kuskure, wanda wani matuƙin jirgin sama Bafaranshe, Antoine de Saint-Exupéry, ya fitar a 1943, na karance shi a daren nan kafin in ba 'yarsa. Akwai wani sarki a ciki, shi kaɗai a duniyarsa ba talaka ko ɗaya. Yaron ya yi hamma a gabansa, sarki ya ce haramun ne hamma a gaban sarki. Yaron ya ce ya gaji ne, ba zai iya dainawa ba. Sai sarki ya ce to, na umurce ka ka yi hamma. Maghili ma ya yi maganar hamma a babi na biyu: sarki ya zauna a harɗe, ya natsu, kada ya ƙyalƙyale da dariya, kada ya buɗe baki ko don hamma, in ta taso ya ambaci Ubangijinsa, in ta rinjaye shi ya rufe baki da bayan hannu.

Saura kwana huɗu naɗi ya sake kira. Ya ce sun kai babi na bakwai da liman. Sannan ya yi shiru, ya ce, "Kawu, akwai wata magana. Mutumin nan da suke rigimar fadama da marayun gidan baffa, jiya ya aiko da rago, wai gudummawar naɗi." Na ce to me liman ya ce? Ya ce liman ya ce ai ka ji abin da littafi ya faɗa. Na ce kai kuma me ka gani? Ya ce shi ya ga a mayar, amma Hajiya ta ce mayar da gaisuwa cin fuska ne, tun zamanin kakansa ba a taɓa yi ba a gidan. Ina jin kukan ragon ta cikin wayar, an ɗaure shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, yara suna ba shi harawa.